Mabiyiyar Gumsu

Kirikasamma,
12 ga Oktoba, 1975.

Zuwa ga yayata abar alfaharina, Yaya Zaituna,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da fatan alheri. Ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Malam Ja'afaru da yara duka. Yaya aikin asibiti? Yaya ƙafar nan taki mai kumburi in kin daɗe a tsaye? Mu nan lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Ruwa ya shigo fadama, ko da yake bai kai na da ba, shinkafa kuma ta fara fitar da kai. Gumsu ta cika wata biyar, tana zama in an tokare ta da matashi. Surukata, Iya Gana, ta ce ba abin da yarinyar ta gado a wurina sai kalle-kalle.

Baban Gumsu ne zai miƙo miki takardar nan idan ya kawo bandar kifi kasuwar Haɗeja. Kada ki damu, ajami kaɗai yake karantawa, boko kuwa a wurinsa da sawun kaza duk ɗaya. Yau na ga amfanin ajin yaƙi da jahilcin da kika ja ni da kunne kika kai ni, don abin da zan faɗa miki ba na saƙon baki ba ne.

Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Yaya, na yi wani abu ranar da na haifi Gumsu, ban faɗa wa kowa ba. Kin san tsohuwar ungozomarmu, 'Yar'azumi. Da ta ɗauki mabiyiya za ta kai bayan ɗaki ta binne, sai na kama bakin zanenta, na roƙe ta ta binne ta a kife. Kin san abin da ake cewa: in aka binne mabiyiya a kife, mace ba za ta sake ɗaukar ciki ba sai ranar da aka tono aka juya ta. Tsohuwar ta ce ta ji, kuma ba mai ji daga bakinta.

Ba sai na gaya miki dalili ba, amma zan faɗa ko na ji sanyi. Yaron nan, ɗan farina, wanda kunya ba ta taɓa bari bakina ya kama sunansa ba, yana wata tara na yi kwanika, cikin Gumsu ya shiga ina shayarwa. Iya Gana ta ce nono ya ɓaci, in ya ci gaba da sha zai sha ciki. Aka shafa mini maɗaci, aka yaye shi rana ɗaya. Ba na ganin laifinta, abin da ta gada ta yi, kuma ta fi kowa kuka daga baya. Kin ga yadda ya koma lokacin da kika zo dubiya: ƙafafu sun kumbura, gashi ya yi ja, kunu ba ya zama a cikinsa. Ya rasu saura wata uku in haihu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk sanda Gumsu ta kama nono, watanni nake ƙirgawa, ina roƙon Allah ya bar mata shi shekara biyu cif. In ciki ya sake shiga kafin nan, abin da ya ci yayanta ita ma shi zai ci ta. Tsoron da nake kwana da shi nake tashi da shi ke nan.

To, kin san ni da tambaya. Inna, Allah ya jiƙanta, cewa take da ni aka haife ta, ita tambayar, tagwaye muke. Kwanan nan ina tankaɗe sai wata ta faɗo mini: me ya sa tsakanina da ke shekara uku, tsakanina da ƙanenmu Abubakar ma shekara uku? Me Inna ta sha? Na juya abin a raina, sai na ga ba ta sha komai ba. In ta haihu gidan Kaka take tafiya, ta yi shekara da rabi. In ta dawo kuma Baba ya naɗe komarsa ya bi ruwa zuwa Chadi, ba a ganinsa sai damina ta kama. Ashe ba magani ne ya raba haihuwarmu ba, nisan hanya ne. Ni kuwa ba Inna balle in je gida wanka in miƙe ƙafa. Ga shi tun da Baban Gumsu ya sayi babur, kasuwar da a da sai ya yi kwana uku a jirgin ruwa, yanzu da hantsi yake zuwa ya dawo kafin magariba. Kowa na yi mini barka da babur, ni ma ina amsawa.

Shi ban san abin da ke ransa ba. Tun ranar da aka kai yaron makwancinsa bai sake tayar da zancensa ba. Washegarin haihuwar Gumsu ma, mata na ta hidimar ruwan wanka, shi yana bayan ɗaki wai yana gyaran makwararar ruwa, kamar ba shi aka yi wa haihuwa ba. Kullum dai in ya dawo tambayarsa ɗaya ce, ko ta sha. In na ce ta sha, sai ya ajiye mini tarwaɗa ya fita. Namiji ne, ga gonar shinkafa ga kamun kifi, na san hannuwa yake so da yawa.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Hajo mai kawo mana nono ta ce ta ji a Haɗeja wai akwai wata sista da ke zuwa daga Kano, tana ba matan aure maganin hutun haihuwa. Gaskiya ne? Sha ake yi ko allura ce? Mace tana sake haihuwa in ta bari? Ba wai so nake ba, tunda na riga na yi tawa dabarar. Sani kawai nake so, matambayi ba ya ɓata.

Ki gaishe mini da Malam da yara. Ga bandar ƙarfasa guda shida, ki yi wa kanki miya, ba baƙi ba.

Ni ce ƙanwarki,
Barira.


Kirikasamma,
9 ga Nuwamba, 1975.

Zuwa ga Yaya Zaituna,

Bayan gaisuwa irin ta 'yan'uwa, ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Yaya Malam da jikin nasa? Allah ya ƙara sauƙi. Mu mun shiga yankan shinkafa, hannuna duk ƙaiƙayi. Gumsu ta fara jan ciki, jiya na kama ta tana binciken kwandon kifi.

Amsarki ta iso, na karanta ta sau uku a bayan rumbu. Na yi dariya inda kika ce da ni namiji ce da alƙali na zama. Na gane abin da kika ce: sistar tana zuwa Litinin ɗin farko ta kowane wata, ƙwayoyi ne ƙanana ana sha kullum, kuma ba a ba mace sai mijinta ya zo da ƙafarsa ya dangwala yatsa a kati. To, a nan gizo ke saƙa. Da wane baki zan ce wa mutumin da ko shekara bai yi da binne ɗansa ba ya zo ya sa hannu a rage masa haihuwa? Inda kika ce kuma ba ki yarda da zancen mabiyiya ba, wai kin ga ɗaruruwansu a asibiti ba mai duba gabansu da bayansu, wannan ban ji daɗinsa ba. Ki bar mini abina, shi kaɗai ke sa ni barci.

Amma ban zauna haka ba. Ranar da muka taru sussuka a masussukar su Bintu, matar maƙwabcinmu, na jefa zancen, na ce wata ce ta tambaye ni. Bintu ta dube ni ta ce kifi na ganinka mai jar koma. Aka yi dariya, daga nan kuwa bakin kowa ya buɗe. Yaya, ashe ba ni kaɗai ba ce! Ita Bintun 'ya'yan zurma biyu ta haɗiye ranar arba'in, wai kowane ɗa shekara ɗaya. Shekara ɗaya da wata biyu ta samu, ta ce ɗayan ne ruɓaɓɓe. Zainaba, matar ɗan Sarkin Ruwa, guru ta karɓo daga wani malami a Auyo, yau shekara huɗu ba ciki, tana ta yabonsa. Na so in tuna mata cewa uku daga cikin huɗun mijinta yana Ikko yana aikin tashar jirgin ruwa, sai na ja bakina. Hajo mai nono kuwa dariya ta yi mana. Ta ce su in mace ta haihu rugar uwarta take zama, maza su kora shanu wajen fadamar Baturiya, ba ta komawa sai ɗan ya iya bin maraƙi da gudu. Ta ce mu mutanen gari mun matse kanmu wuri ɗaya kamar kifi a gora, dole mu yi ta hayayyafa.

Abin da na lura da shi, ba wadda ta ce ba ta son 'ya'ya. Hutu kowa ke nema, ɗan da ke baya ya yi ƙwari kafin wani ya zo. Da na kawo zancen ƙwayar asibiti kuwa sai kowa ta kawo nata uzurin. Wata ta ce mijinta ba zai je ba, in ya je ranar kamun kifi ta wuce shi. Wata ta ce surukarta za ta ji. Wata ta ce in aka gan ki a layin nan, kafin ki dawo gida an ce kina da wani a waje. Bintu kuma ta ce ta ji ƙwayoyin taruwa suke a mahaifa kamar tsakuwa, ranar da kika so haihuwa ba wurin da ɗa zai kwanta.

Wannan ta tsakuwa ita ta hana ni sukuni. Da na dawo gida na ɗauko ƙwayar ciwon kai guda uku, na jefa ɗaya a ruwa, ɗaya a kunu, ɗaya a jiƙon tsamiya, na zauna ina gadinsu. Kafin a kira la'asar duk sun narke. Na kai wa Bintu ta gani, ta ce ai ciki ba kofi ba ne. Ita ma da gaskiyarta. Don Allah ki tambayar mini sista ina suke zuwa in an haɗiye. Ki kuma tambaye ta ko suna ƙafar da nono, don in suna yi, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Na kuma bi ta wajen matar liman, na sa ta tambayar mini Malam a fakaice. Ya ce shayarwa shekara biyu tana cikin Alƙur'ani, kuma ya karanta cewa tun zamanin Sahabbai akwai masu dabarar jinkirta ciki, amma da yardar miji da mata duka biyu. Kin ji, ko ta ina na bi, ƙofar mutumin nan nake fitowa.

Na gwada sau ɗaya. Ranar Juma'a ya dawo masallaci, na kai masa ruwa, na durƙusa na ce ina da magana. Ya ajiye moɗar ya dube ni, ya tambaya ko Gumsu ce ta ƙi shan nono. Na ce a'a. Ya ce to mene ne. Yaya, sai na ji kaina ina tambayarsa ko tayar babur ɗinsa ta daina sacewa. Ya yi mini bayanin faci har abinci ya huce.

Ba komai, mabiyiya dai tana nan a kife. A gaida kowa da kowa.

Taki har kullum,
Barira.


Kirikasamma,
11 ga Janairu, 1976.

Yaya Zaituna,

Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara, da fatan kuna lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa.

Al'adata ta dawo tun Gumsu na wata shida, na gan ta sau biyu. Wannan watan yau kwana tara ke nan da wucewar lokacinta, shiru. Ga Gumsu kwana uku tana zawo. Shekaranjiya Iya Gana ta karɓe ta daga hannuna, ta dubi idonta, sannan ta dubi ƙirjina. Irin kallon da ta yi mini ke nan wancan karon, kwana biyu kafin a kawo maɗaci.

Jiya da hantsi, maigidan ya tafi duba tarun kifinsa, Iya ta shiga maƙwabta, na saɓi yarinyar na tafi wurin 'Yar'azumi. Allah ya yafe mini, na yi wa tsohuwa rashin kunya, na ce ta karɓi roƙona da baki ne kawai ta je ta binne yadda ta saba. Ta rantse da abin da zai kashe ta a kife ta sa ta. Ta ce a kan baƙin tsingaron tukunya ta kifa ta, ta rufe da jan tsingaron tulu, ta ɗaure da tsumma, baƙi a ƙasa ja a sama, don ranar da na so juyawa kada a rikice. Ta ce gani ya kori ji, in ɗauko fartanya.

Muka zo bayan ɗaki, kusa da makwarara, muka tona. Ba zurfi. Abin da ke ciki ya riga ya zama ƙasa, tsingaron ne suka rage a haɗe. Yaya, baƙin ne a sama, jan a ƙasa. An juya ta. Tsumman 'Yar'azumi ya ruɓe, amma an sake ɗaure su da zaren koma irin na zamani wanda ba ya ruɓewa, an yi masa ƙulli biyu da ɗan kunne a gefe. Ƙullin nan ko a mafarki na gan shi na san shi. Shi ne a bakin kowane buhun banda da ke fita gidan nan, shi ne a igiyar shanyata, shi ne a jikin ƙunshin da zai kawo miki yau. Sai gyaran makwarara na washegarin haihuwa ya faɗo mini a rai.

'Yar'azumi ta tafa hannu ta ce, “Mijinki Haladu ne.” Ta mayar da ƙasa ta tafi, ni kuwa na cire zaren na ƙulle a bakin zanena.

Ke nan ya sani tun ranar farko. Ko ya ji ni ina roƙon tsohuwar ta jikin zana, ko wata ta kai masa. Bai tambaye ni ba, bai yi mini faɗa ba, ya bari sai da hankalin kowa ya tafi wurin ruwan zafi ya je ya warware abin da na ƙulla. Wata takwas yana kallona ina barci da daɗi a kan banza. Wata takwas yana tambayata ko ta sha, alhali shi ya buɗe ƙofar da za a ƙwace mata nonon. Da duka ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Ban taɓa jin haushin ɗan Adam kamar yadda nake jin nasa ba, kuma abin da ya fi ci mini rai, har yanzu ina so in san dalili. Gonar shinkafa ta fi masa yarinyar nan? Ko ya manta da wancan ne?

Ki faɗa mini gaskiya, ke da kike cikin masu sani: in ciki ne, dole ne a yaye ta? Ba wata hanya? Na yi niyya in Iya ta kawo maɗaci in ɗauki 'yata in shiga jirgin farko in taho wurinki, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Ga shi can yana ɗaure kaya a babur, yana jira in gama ya kawo miki. Har tambayata ya yi ko alƙalamin na bukatar canji.

Ƙanwarki,
Barira.


Kirikasamma,
25 ga Janairu, 1976.

Zuwa ga yayata, rabin jikina, Yaya Zaituna,

Gaisuwa mai yawa da so da begen ganinki. Ina fata ke da Malam Ja'afaru da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafa? Na biya bashin gaisuwar da na rage wancan karon, har da ta maƙwabtanki. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi, kuma wannan karon da gaske nake.

Fara da abin da ya fi: ba ciki ba ne. Kwana biyu bayan takardata al'ada ta zo, ban taɓa murnar ganin abin da ke hana ni salla kamar ranar ba. Zawon Gumsu kuma haƙora ne, biyu sun fito a ƙasa, ta riga ta gwada su a jikina. Na gode da amsarki da kika aiko da gaggawa, da abin da sista ta ce, cewa za ta duba ni ta zaɓi abin da ya dace da mai shayarwa.

Tsoro ya tafi, amma fushi ya zauna. Kwana goma ina ajiye masa tuwo ba ko sannu. In ya tambaya ko ta sha, sai in ɗaga kai kawai. Na ga yana ramewa, na ce a raina ya yi ta yi. Ranar Laraba Iya Gana ta tafi suna Auyo. Bayan la'asar yana zaune gindin tsamiya yana ɗinkin koma, sai na ga in ban tambaya ba tambayar za ta kashe ni. Na kwance bakin zanena, na ɗora masa zaren nan a gwiwa, da ƙullinsa da ƙasarsa, na tsaya.

Ya daɗe yana kallonsa. Na ɗauka zai musa, ko ya hau ni da faɗa. Sai ya sunkuyar da kai ya ce in yafe masa, ya san bai kyauta ba da ya hana ni haihuwa ban sani ba.

Na ce ya maimaita, don na zaci kunnena ne.

Ya ce wani tsohon masunci ne ya ba shi labarin kifa mabiyiya, suna cikin jirgi, kwanaki kaɗan bayan rasuwar yaron. Ya riƙe abin a ransa har na haihu. Washegari ya tona, ya tarar da tsingaro biyu a ɗaure. Shi namiji, bai san gabanta ba bai san bayanta ba, kuma bai iya buɗewa ya duba ba. Ya dai san ungozoma a daidai take binnewa kullum, don haka ya ƙara ɗauri, ya juya, ya mayar da ƙasa. Ya ce ya so ya gaya mini ya fi sau goma, amma yana ganin macen da ta rasa ɗa ba abin da take so kamar ta mayar da gurbinsa, zan ce ya gaji da ni ne. Sannan ya ce:

“Ni na ɗauke shi a hannuna na kai shi. Bai kai nauyin jiƙaƙƙiyar koma ba. Ba zan iya ɗaukar Gumsu haka ba.”

Daga nan ya faɗi sunan yaron. Ɗan fari, Yaya, wanda ko ranar suna bai iya faɗa ba. Ya faɗa a fili, a tsakar gida, da rana tsaka.

Na zauna a kan komar. Na ce masa, “Ai a kife take. Ni na sa aka kifa ta. Kai ne ka tayar da ita.”

Ban san wanda ya fara ba, kuka ne ko dariya, mun dai yi duka biyun har Gumsu ta farka ta taya mu da nata. Wata takwas muna kwana ɗaki ɗaya da tsoro ɗaya, kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa maganinsa, ni ina tufka shi yana warwara, kuma kowa na ganin ya yi dabara. Da na kai wa 'Yar'azumi labari sai da ta riƙe ciki. Ta ce shekara arba'in tana yankan cibiya, ta ga mazan da suka tono don a haihu, ba ta taɓa ganin wanda ya tono don a huta ba, balle ya yi aikin a baibai. Ta zo ta sake kifa tsingaron, mu biyu muna tsaye muna kallo. Na san za ki taɓe baki. Mun yi ne don kada ran tsohuwa ya ɓaci, kuma ba a san inda rana za ta faɗi ba.

Amma ga wata tambayar da ta hana ni sakat. In mabiyiyar a daidai take tun washegarin haihuwa, to me ya tsare ni wata takwas? Nonon ne, kamar yadda kika taɓa cewa? Ko sa'a ce kawai? Ki tanadar mini amsa.

Shi da kansa ya gaya wa Iya Gana zancen zuwanmu wurin sista da ta dawo, ni ina ɗaki. Ta saurara, ta shige ɗakinta. Sai da safe, ina dama kunu, ta tsaya a kaina ta ce in mun je in tambayar mata sistar nan ko da gaske ne nonon mai ciki yana kashe yaro, ko kuwa yayen ne. Ta ce tana so ta sani kafin ta mutu. Na ce zan tambaya. Ban san yadda zan kawo mata amsar ba in ta zo yadda nake zato, amma na yi alkawari.

Muna tafe ranar Litinin, biyu ga wata, mu uku a babur ɗin nan da na daɗe ina harara. Bintu ta ce in dubo mata da idona ko akwai tsakuwa. Wani abu kuma: babban yatsansa na dama ƙugiya ta taɓa tsaga shi, tabon ya raba zanen biyu. Za a karɓi dangwalen haka, ko ya ba da na hagu? Tun jiya yake dubansa yana damuwa.

Wannan takardar ba a ɓoye take ba, na karanta masa ita daga sama har nan. Ya saurara, ya ce ashe abin da yake ta ɗauka a aljihu ke nan. Sannan ya tambaye ni yadda sunan yaron yake a boko. Na ce ban taɓa rubuta shi ba. Ya ce in rubuta a ƙasa, inda zai gane wurin, ya riƙa dubawa a hanya.

Sai mun zo. A gaida Malam da yara.

Ni ce ƙanwarki,
Barira,
uwar Gumsu, uwar Bakari.